Farin Bijimi da Direban Tsere

A tashar Bodinga, cikin motar Shagari da ke jiran cika, wani dattijo ya leƙa wayar matashin da ke gefensa.

"Samari, mi ya ɓata maka rai haka?"

"Tseren motoci ne, Baba. Direbobin nan biyu ƙungiyarsu ɗaya. Gwanina ne a gaba, sai manyansu sunka umarce shi ya kauce wa ɗan'uwansa. Ya ƙi, yanzu za su sallame shi."

"Sun yi daidai. Halin farin bijimina ke nan. In na ɗaura musu garma shi da jan bijimina, sai ya wuce shi, kunyar gona ta karkace. Wurin dillali za ni, in rabu da shi."

"Baba, wanga direba tuni abokan hamayyarsu ke rububinsa."

Dattijon ya fashe da dariya.

"Ashe shi ya sa maƙwabcina Shaihu ke cewa in bar masa farin, don zumunci. Direba, buɗe mini ƙofa, na fasa. Samari, ka gaya wa manyan nan, jan ya kamata su sallama."