Abin da Lokotoro Ya Gaya wa Kailu

Kailu: Alo? Samiratu? Ina wuni, ƙanwata?

Samiratu: Lahiya lau, Yaya. Ina gajiya? Ya Habsatu da yara?

Kailu: Lahiya suke. Ya Yamai, ya jikin?

Samiratu: Da sauƙi. Ya kasuwa, ya wanzanci?

Kailu: Mun gode Allah. Ɗaga murya, rezo babu kyau. Kin sha saiwar da na aiko?

Samiratu: Na bari. An yi min awon jini. Ciwon hanta ne, wanda suke ce ma hepatit C.

Kailu: Mi? Ban ji ba.

Samiratu: Ka ji, Yaya. Tun bara nike gaya maka gajiya ba ta sakina, abinci ba ya shiga. Na ce hitsarina ya koma kamar shayi, jikina na ƙaiƙayi, idona ya yi ɗorawa. Ka ce ciwon shawara ne, in sha saiwa.

Kailu: Ai haka munka saba gani...

Samiratu: Lokotoron asibiti ya tambaye ni ko an taɓa yi min ƙaho. Na tuna ranar da ka yi ma Baba, ka juyo kaina da askar nan, ko wanke ta ba ka yi ba.

Kailu: Wallahi lokacin ban sani ba.

Samiratu: Na yarda. Amma da cikin Baba ya kumbura kunka kai shi asibiti, mi anka ce maka? Matarka ta gaya min jiya. An ce ka kawo duk wanda askar ta taɓa.

Kailu: Samiratu, in maganar ta hita, wa za ya sake zama gabana a Hilinge? Da askar nan nike ciyar da gida.

Samiratu: Akwai magani, Yaya, ana warkewa. Sun ce da na zo da wuri, da hantar ba ta taɓu haka ba. Yanzu ƙahwahuna sun soma kumburi irin na Baba.

Kailu: Ki yi haƙuri. Tsoro na ji.

Samiratu: Kai, an auna ka?

Kailu: Alo? Maganarki na yankewa...

Samiratu: Ba ta yankewa. An auna ka?

Kailu: An auna ni. Ni da yara. Ba mu da shi.

Samiratu: Har Yamai kunka zo?

Kailu: E.

Samiratu: Lokacin hutun makarantar yaran nan ke nan. Gidana kunka sauka, ni na dahwa muku tuwo ina riƙe da bango. Ka ce min takalman lakwal kunka zo saye.

Kailu: Samiratu, saurara, kiredin wayata ya kusa ƙarewa...

Samiratu: Ni na kira, Yaya.