Ba Su Nuna Mana Saukowa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro kuma uban ƙungiyarmu, Alhaji Sahabi, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, dattawan farauta waɗanda sunka riga mu shiga daji, 'yan'uwana mafarauta na Gusau, da na Bungudu, da namu na nan Tsafe, manoma da makiyaya, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, babba da yaro.

Ni ne Tambaya na Bilbis. Yau kun ɗora mini hular jagoran mafarautan Tsafe, kun ce don ni kaɗai na hau dutsen bayan garinmu bara, na harbo gadar dutse, na sauko da ita a wuyana. Na gode wa Allah, na gode muku. Amma kafin hular wagga ta saba da kaina, ina da godiya uku, kuma ta ukun tana da nauyi.

Ta farko ga Alhaji Sahabi. Shi ya buɗe mana zaurensa a Damba, ya juya mana faifan satalayit, munka zauna mu goma sha huɗu bayan azahar muna kallon farautar wata duniya. Wallahi ban taɓa sanin Allah ya yi duwatsu irin na Asiya ba. Duwatsu sun wuce gajimare, ƙanƙara ta rufe su fari fat, iska ta yi ƙaranci har ƙato ya yi taku goma ya durƙusa yana haki. Mun ga Turawa da mutanen ƙasar, da wasu shanu masu gashi har ƙasa ɗauke da kaya, kwana goma suna bin ragon dawa guda, mai ƙaho ya nannaɗe kamar gammo. Mu da muke cika baki don mun kwana biyu a fadama, ranar kowa bakinsa ya mutu.

Ta biyu ga Malam Haliru, malamin makaranta, wanda ya riƙa juya mana Turancin. Shi ya gaya mana a can ciwon kai yana kama mutum don tsawo kawai, yatsu su daskare, harsashi ya kauce saboda iska. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma abin da talabijin bai nuna ba, malami ba ya fassara shi. Sun nuna hawa, sun nuna harbi, sun nuna Bature ya riƙe ƙaho yana washe haƙora. Ƙiftawar ido sai ga su cikin tanti suna shan shayi. Yadda sunka sauko, da ragon, da gajiyar, ba wanda ya nuna mana, ni kuma ban tambaya ba, duk da sunana.

Na koma gida zuciyata tana tafasa. Na ce in mutum ya hau wancan, me dutsen Bilbis yake? Na sayi igiyar guga a kasuwa, na fita da sassafe ban gaya wa kowa ba sai maiɗakina Luba. Na hau, jama'a, wannan gaskiya ne. Na harbi gada da hantsi, wannan ma gaskiya ne. Daga nan ne labarin da kunka sani ya rabu da abin da ya faru.

Na ɗaure gada a baya, na ɗaura igiya ga wani ɗan icce, na fara sauka. Iccen ya tuge. Na sulale na faɗa kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin buzun salla ba, sama santsi, ƙasa rami. Gorar ruwana ta wuce, ban ma ji ƙarar faɗuwarta ba. Rana ta take, dutse ya yi zafi har tafin ƙafata ya saɓule. Na yi taimama na yi azahar a zaune. Sannan ni Tambaya, mai kirari, na buɗe baki na yi ta ihu, ina kiran sunan mahaifiyata da ta shekara tara a ƙasa.

Godiya ta uku ke nan. Wajen la'asar na ji murya daga sama: “Malam Tambaya, mi ya kai ka nan?” Manu ne, makiyayi, na rugar gabas da Bilbis. Ya bar shanunsa ba mai tsaro, kusa da lambunan mutane, ya zagayo ta wata hanyar awaki da ni ban san da ita ba. Ya haɗa igiyar shanu da rawaninsa ya zuro. Na ce masa, “Bari in kwance gadar in yar.” Ya ce, “A'a, aiko ta tukuna. Ka sha wuya kanta.” Ya ja gada, ya ja bindiga, sannan ya ja ni, har igiya ta yanke masa tafin hannu biyu. Ya ɗauki gadar a wuyansa, ni ina dafe da kafaɗarsa, har gindin tsamiyar bakin gari. Nan ya aza mini ita, ya ce shanunsa na jira, ya juya.

Na shiga gari anka tarye ni da kiɗa. Ba wanda ya ce in yi ƙarya, shiru kawai na yi, shirun kuma ya yi mini daɗi. Dattawa, kun san al'adarmu: wanda ya ɗauko maka nama, karfata, wato ƙafar gaba ta dabbar, tasa ce, ko a hanya kunka gamu. Luba ta tambaye ni, “Wa za a kai ma karfata?” Na ce, “Sa ta tukunya.” Na ci hakkin mutumin da ya fid da ni, don in na aika masa, gari zai tambayi dalili. Shekara guda muna haɗuwa a kasuwa, ya gaishe ni ya wuce, bai taɓa gaya wa ko mutum ɗaya ba. Akwai ranar da na hango shi na laɓe bayan buhunan dawa. Ina jin kunyar wannan fiye da ihun da na yi.

Saboda haka, mai girma shugaba, ga hularku na aje bisa tebur. Kun ba ni ita kan rabin labari, yanzu kun ji cikonsa. Ku sake shawara. In kun maido mini, zan riƙe ta da tsoron Allah, kuma ba mafaraucin Tsafe da zai sake hawan dutse shi kaɗai. In kun ba wani, ni ne farkon mai bin sa.

Manu, na gan ka can baya ka rufe fuska da malfa. Don Allah taso. Na yanka rago da safen nan, ga karfatarsa a cikin ƙwaryar da Luba ke riƙe da ita. Ba ta gada ba ce, waccan na cinye, sai ka yafe mini.

Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ya ƙara wa Malam Haliru ilimi. Allah ya albarkaci garken Manu, ya tsare masa zuriyarsa. Allah ya zaunar da sabuwar jiharmu lafiya, ya haɗa kan manomi da makiyayi, ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa gidansa lafiya.

Manu, ranar nan gindin tsamiya ka juya ka tafi ban ce maka komai ba. Yau a gaban garuruwa uku nake faɗa maka.

Na gode.