Na Daina Kai Ƙarar Alƙali

Ina gaishe ku, 'yan'uwa mata, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rifkatu, matar Malam Bitrus na Tudun Wada, nan Gusau. Waɗanda suka gan ni bara sun san yadda na rame har zane ke neman zagaye ni sau biyu. Yau kuwa ku dube ni, telana ma shaida ne.

Ƙanwata Saratu ta rasu ta bar ɗiyarta Alheri tana shan nono. Ni na yaye ta, bayana ta sani. Da ta isa shiga firamare, ubanta Yohanna ya ce zai ɗauke ta zuwa gidansu a Tsafe. Na ce sam. Magana ta kai kotu, alƙali ya ba uba ɗiyarsa.

Daga ranar abinci ya fita raina. Na kwanta ciwo, kafin in tashi lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Sai na mayar da ofishin jin daɗin jama'a gidana na biyu. Har masinjansu in ya hango ni sai ya ce, "Maman Alheri, yau kin makara aiki."

Akwai wata Hajiya a ofishin, mace mai haƙuri. Wata rana ta ce, "Rifkatu, yau ƙarar wa kika kawo?"

Na ce, "Ta alƙali, Hajiya."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce, "Baiwar Allah, abin da kotu ta yanke hannunmu bai kai gare shi ba. Ko nan kika tare, ba ni da ikon warware shi. Amma in yanzu ana cutar da yarinyar, wannan sabuwar magana ce, tare za mu tafi. Ana dukanta?"

"Ban sani ba."

"Tana cin abinci? Tana zuwa makaranta?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"To, ba ki je kin gani ba?"

Gaskiya ban taɓa zuwa ba. Ni dai a zuciyata, taka ƙofar gidan Yohanna daidai yake da yarda an fi ni.

Na dawo gida na ɗora miya. Nan gaban murhu na durƙusa na ce, "Ya Yesu, na gaji. Ba ni na halicci yarinyar nan ba, Kai ne. Ka sauke mini dutsen da ke ƙirjina, ka ba ni ƙafar zuwa Tsafe." Na yi kuka har miyar ta kama. Da na tashi, abin mamaki, yunwa nake ji! Malmala biyu na cinye da ƙonanniyar miyar. Maigidana ya tsaya yana kallona, ya ce, "Da na san maganin ke nan, da tuni na ƙona miki da kaina."

Ran Asabar na shiga motar Tsafe. Ina yin sallama Alheri ta fito da gudu ta ɗafe ni. Ta yi ɓulɓul, sai dai kanta kamar sheƙar tsuntsu.

Kakarta, Inna Asabe, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya hana ki zuwa? Alƙali ya ce kada ki taka Tsahe? Dubi kanta. Ta hana kowa taɓa shi, wai sai Mamanta ta Gusau. Ni ko yatsuna sun ƙage. Zamna, ga mataji."

Ina cikin kitso Yohanna ya shigo. Ya yi turus, sannan ya rusuna ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Na amsa, kuma ban ji ɗaci ko kaɗan ba.

'Yan'uwa, hukuncin yana nan yadda yake, Alheri tana gidan ubanta. Amma duk lokacin da kitso ya tsufa ina Tsafe, hutun makaranta kuma ubanta da kansa ke kawo mini ita. Na gode wa Ubangiji da ya raba ni da ciwon zuciya. Ke da ke ɗauke da abin da ba ki da ikon sakewa, ki miƙa wa Yesu, ki dogara gare shi. Ga Alheri can a bencin baya tana ɓoye fuska. Tashi, Alheri, ki gaida iyayenki.