Wanda Ya Riƙe Ni a Gidan Ɗori

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ku yi mini haƙuri da sandar nan, ita ce ta kawo ni gabanku.

Sunana Ayuba, bakanike ne ni a Jega. Shekaru na yi ina gyara kujeru a ikilisiya, ina rera waƙa da ƙarfi, amma in faɗa muku gaskiya, Almasihun da na sani a lokacin kamar hakimi yake. Yana can bisa kujera, kai kuma ka yi wanka ka sa riga mai kyau ka kai gaisuwa. In ka kyauta, ya kyauta maka.

Bara babur ya kayar da ni a hanyar Maiyama, ƙafata ta dama ta karye. Aka ɗora ta cikin gaggawa, ta haɗe a karkace. Sai aka kai ni wurin wani mai ɗori a Aliero.

A gidan ɗori kowane majinyaci da mai jinyarsa. Wannan matarsa na dama masa fura, wancan ƙanensa na juya shi. Ni matata ta rasu, yayana yana kudu. 'Yan ikilisiya sun zo sau biyu da lemo, daga nan shiru. Ban zarge ku ba, kowa da hidimarsa. Amma na yi kuka! Ranar Lahadi sai in juya fuska bango, in ce a raina: Sarkin da na yi wa hidima ko ɗan aike bai turo ba. Na daina addu'a gaba ɗaya.

Mai ɗori ya ce sai an sake karya ƙashin, in ba haka ba na gurgunce ke nan. Kuma ba ya taɓa mutum sai da wanda zai rungume shi ta baya.

"Ina danginka?" ya tambaye ni.

Na dubi ƙofa, ba kowa.

A tabarmar kusa da ni akwai Baba Ummaru, manomi Musulmi daga Mungadi, hannunsa na hagu a ɗaure da karare. Kullum tsokanata yake, wai bakaniken da ya kasa gyara ƙafarsa. Sai ya ja jiki ya matso.

"Ni za ni riƙe shi," in ji shi.

Mai ɗori ya ce, "Baba, da hannu guda?"

"Mai lahiya sakin shi za shi yi in ya ji kuwwa. Ni sau biyu anka karya ni, na san inda zahin ka hitowa."

Ya zauna bayana, ya zagaye ƙirjina da hannun nan ɗaya. Da mai ɗori ya kama ƙafar, addu'ar da na yi wata biyu ban yi ba ta kuɓuce mini: "Yesu, kana ina?"

Ƙashi ya yi ƙara. Na yi ihu, Baba bai sake ni ba. Ina jin karan ɗorinsa yana sukata a haƙarƙari.

A nan na gane, 'yan'uwa! Almasihu bai zauna bisa kujera yana jiran gaisuwata ba. Saukowa ya yi, abokansa suka watse suka bar shi, aka huda hannuwansa, ya tashi daga matattu da tabonsa. Ya san inda zafin yake fitowa. Ni ina ta duban ƙofa ko zai shigo da rawani, ashe masu karaya ya zo nema, ya zauna a tabarmarsu.

Baba Ummaru ya koma gonarsa da addininsa, har gobe muna gaisawa. Ƙafata ta miƙe, ɗan ɗingishi ne ya rage.

Na gode wa Ubangiji! In kana kwance ba mai jinya, kada ka juya fuska bango kamar yadda na yi. Ka dogara gare shi, ka kira shi. Ba zai sake ka ba don ka yi ihu.

Amin.