Abin da Hiren Ya Bari a Kwamfuta

A shagon gyaran kwamfuta a Surat, wani dattijo da wata matashiya, duk masu zana adon bakin sari, tufar matan Indiya, suna jiran layi.

"Baba, wace manhaja kake zane da ita?"

"Mai launi goma sha shida. Ina kaiwa tsakiyar fure sai ta sandare."

"Tawa baƙi da fari ce, ba ta nauyi. Ƙwaƙwalwar injinka ce ta cika. Me ka bari a kunne?"

"Wani ɗan abu ne da ɗana Hiren ya haɗa kafin ya tafi Amurka. Kullum da rana sai ya rubuto, 'Baba, ka ci abinci?'"

"Shi ke cinye wurin. Goge shi kawai."

Dattijon ya shafa kan injin.

"'Yata, taki mai baƙi da farin nan, tana iya fure?"