Kwalbatin da Kekuna Suka Gina Mana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Inno mai fura, daga Ƙofar Atiku, Sakkwato.

Akwai wani kwazazzabo a bakin unguwarmu da kan tare hanya duk damina. Bara a bakinsa ɗiyata ta haihu, don mota ta kasa ƙetarowa ta kai ta asibiti. Mun kai kuka har mun gaji.

Sai Malam Bitrus, malamin jikokina, mutumin Filato, ya ce, "Inna, bari mu shirya tseren kekuna na taimako."

Na ce, "Ɗana, yanzu da kowa ke hawan babur, wa zai kalli keke?"

Ran tseren kuwa Sama Road ta cika maƙil. Teloli, ma'aikata, har manoma daga ƙauye suka hau. 'Yan kallo suka yi ta jefa gudummawa cikin ƙwarya. Da ita aka sayi siminti, samari suka yi gayya aka gina kwalbati. Yau mota har ƙofar gidana take zuwa.

To, ga shi an yi wa Malam Bitrus canjin wurin aiki. Jama'a, ku ba ni shawara: da me ake sallamar mutum irin wanga?