Mangwaron Jikin Katanga

Rana ta take a New Bell. Wani mai kwat ya raɓe a laimar Inno mai ƙosai yana jiran babur, yana kallon sabon zanen jikin katanga: mangwaro cike da tsuntsaye.

"Mama, kin gane saƙon? « À qui la terre ? » Wato ƙasa ta wa ce? Har tsuntsaye suna da haƙƙi."

"Da can ai suna nan, ɗana, kan mangwaro na gaske. A inuwarsa nake suya, aka sare shi aka ja katangar nan."

"Dole ce ta sa. Kullum ganyensa sai ya toshe mana kwata."

Inno ta ajiye matsami. "Ya toshe muku? Ashe gidan naku ne." Ta janye laimarta. "To, je ka sha inuwar zanen."